Kwana Biyu Kafin Jirgi

Jirginmu na can Pireyas, ɗaure da igiya,
sai jibi zai ɗaga.
Kwana biyu ke gare ni in ga garin
da ya yi shekaru dubbai yana tsufa bai gama ba.
Na jera buƙatuna a takarda: tudu, gidan tarihi, kasuwa.
Atina ta leƙa takardar, ta yi mini dariya.

Da sassafe na sayi burodi mai siffar awarwaro,
riɗi ya rufe shi ruf, yana zuba a gaban rigata.
Tattabaru suka bi ni har gindin tudu,
su ne 'yan rakiyata.

Hawan Akrofolis ba na mai gaggawa ba ne.
Sawun waɗanda suka shuɗe
ya goge matakalar, ta yi santsin sabulu.
Na zame. Wani ya cafe ni a gwiwar hannu,
yatsunsa fari fat da garin dutse.
Thanasis ke nan, mai ɗorin ginshiƙai.
Shekara ashirin da shida yana lalube,
yana neman inda kowane ɓalli ya ɓalle,
karayar kuwa ta girmi kakan kakansa.
Na ce, "Yaushe za ku gama?"
Ya ce, "Kai yaushe jirginka zai tashi?"
Na ce jibi.
Ya ce, "To, ka riga ni."

Ya nuna mini matan dutse a gefen haikali,
rufi a kansu, gammon ma na dutse,
gwiwa ɗaya a lanƙwashe kamar za su taka,
har yau ba su taka ba.
"Waɗannan madadi ne," in ji shi.
"Na ainihin suna ƙasa, a inuwa, su biyar,
an bar gurbin ta shida wayam.
Jirgin ruwa ya tafi da ita."
Ya dube ni.
Na tura tikitina can ƙasan aljihu.

Da rana ta take, ya ja ni lungu a bayan tudun,
inda fararen gidaje ke jingine da juna,
kyanwa na barci a tukunyar fure.
Yayarsa Stamatiya ba ta tambayar me kake so.
Abin da ta dafa shi za ka ci:
tumatir da albasa, an aza farin cuku kamar tubali,
man zaitun ya malale shi,
shinkafa a naɗe cikin ganyen inabi, ƙanana kamar layu,
tsire mai lemun tsami, ba ƙuli, ba yaji,
kindirmo da tafarnuwa.
Sai wani ɗan teku mai hannu takwas,
an shanya shi a igiya, an gasa a garwashi.
Na yi jim.
Ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.
Na ci, na ƙara, na suɗe yatsa.

"Man nan na itacen ƙauyenmu ne," ta ce,
"wanda ya dasa bai lasa ba."
Ta kawo gahawa mai laka a gindi.
"Kada ka sha har ƙasa, bar wa kofi nasa."

Washegari ban je kasuwa ba.
Na koma na zauna kusa da Thanasis,
yana gwada ɓalli guda a gurbi bakwai,
bai shiga ko ɗaya ba. Ya ajiye shi, ya ɗauki wani.

Baƙo raɓa ne, na sani.
Yanzu ga ni a bayan jirgi, ruwa na faɗaɗa.
Takardata ta sha mai, har ana ganin rana ta cikinta,
rubutun ya narke.
A aljihu, ƙwallon zaitun guda.
Tudun ya ƙanƙance, ya koma kamar haƙori,
kuma can bisa, inda kunnena ba ya kaiwa,
ƙaramar guduma tana ta faɗa wa dutse:
sannu, sannu, sannu.